Yadda zaka gane sinadari, aisotof da ayon daga furoton, nutiron da ilektaron ɗinsu

Duk shekara idan lokacin WAEC da NECO da JAMB ya matso sai na ga yaran da nake yiwa lesin ɗin kemistiri suna zubar da maki a wajen da bai kamata su zubar ba, wato tambayar nan da za'a baka lambobi guda uku ace maka wannan abin yana da furoton kaza, nutiron kaza, ilektaron kaza, toh faɗa mana menene shi. Wallahi abin yana damuna, domin tambayar nan maki ne na kyauta, ba ta buƙatar kalkuleta ma, ƙidaya ce kawai da sanin wace lamba zaka fara kalla. Shi yasa na zauna in rubuta shi daki daki yadda nake koyar dashi a gaban allo, ka samu biro da takarda ka rinƙa bi, kar ka karanta shi kamar labari.

Da farko dai atam, wato ƙwaya mafi ƙanƙanta ta kowane sinadari, yana da abubuwa uku a jikinsa. Furoton da nutiron suna cushe waje ɗaya a tsakiya, a ƙwayar da ake cewa niyukiliyas, su kuma ilektaron suna kewaye a waje. Furoton cajinsa fozitif ne, +1. Ilektaron cajinsa negatif ne, −1. Nutiron bashi da caji ko kaɗan. Wajen nauyi kuma furoton da nutiron kusan ɗaya suke, kowanne ka ɗauke shi a matsayin 1, amma ilektaron sai ka tara wajen guda 1836 kafin su kai nauyin furoton ɗaya, shi yasa idan ana lissafin nauyi ba'a sa su a ciki.

Ga yadda nake so ka riƙe su a ranka. Furoton shine sunan yanka, ranar suna aka raɗa shi kuma shikenan. Nutiron kamar ƙiba da rama ne, Musa in yayi ƙiba Musa ne in ya rame ma Musa ne, nauyinsa ne kawai ya canza. Ilektaron kuma kamar abin da ke aljihu ne, yau ya shiga gobe ya fita, mai aljihun yana nan yadda yake. In ka riƙe wannan ka gama rabin aikin.

Mataki na farko, ka nemo furoton kafin komai

Ko me aka baka a tambaya, idonka ya fara sauka kan adadin furoton. Kar ka kalli ilektaron tukuna, kar ka kalli nauyi. Adadin furoton shine ake kira lambar atam, ana rubuta ta da harafin Z, kuma da ita aka jera teburin sinadarai tun daga haidurojin mai lamba 1 har zuwa lamba 118. Furoton 6 kabon ne, duk inda yake a duniya, a gawayi ne ko a jikinka. Furoton 8 oksijin. Furoton 11 sodiyam. Furoton 26 ƙarfe, 29 jan ƙarfe, 47 azurfa, 79 zinariya. Babu sinadarai biyu da suke da adadin furoton ɗaya, kuma babu sinadari ɗaya da yake da adadin furoton iri biyu.

Mutane ma sai da suka daɗe kafin su gane haka. Lokacin da Mendeleev ɗan Rasha ya fitar da teburinsa a 1869 da nauyi ya jera sinadaran, kuma a wasu wurare nauyin yana rikita jerin. Ka duba agon da fotasiyam a tebur ɗinka yanzu, agon nauyinsa wajen 39.95 ne, fotasiyam 39.10, kenan in da nauyi ake bi fotasiyam ne zai riga zuwa, amma agon ne lamba 18 fotasiyam 19. Sai a 1913 wani matashi ɗan Ingila mai suna Henry Moseley ya nuna ta hanyar gwaji cewa cajin da ke cikin niyukiliyas ne yake tsara jerin. Na kawo wannan ne don ka gane cewa nauyi yana iya yaudararka, furoton baya yaudara.

Shawarata ka haddace ashirin ɗin farko da lambobinsu: H, He, Li, Be, B, C, N, O, F, Ne, Na, Mg, Al, Si, P, S, Cl, Ar, K, Ca. Yawancin tambayoyin sakandare a cikinsu suke yawo. Kuma ka kula da alamomin da basu yi kama da sunan da muke kira ba saboda daga Latin aka ɗauko su, sodiyam Na ne, S kuma na farar wuta ne wato salfa. Fotasiyam K ne, P na fosfaras ne. Na sha ganin ɗalibi ya gano lamba 19 daidai sannan ya rubuta P, maki ya tafi a banza.

Mataki na biyu, furoton a tara da nutiron

Da ka san sunan, sai ka haɗa furoton da nutiron, abin da ya baka shine lambar nauyi, harafinta A. Wato A = furoton + nutiron. In kuma A aka baka ana neman nutiron sai ka juya, nutiron = A − Z. Wannan lambar ita ce take gaya maka wane aisotof ne a hannunka.

Aisotof ma'anarsa atam biyu ko fiye da suke da furoton iri ɗaya amma nutiron ɗinsu ya bambanta. 'Yan gida ɗaya ne, wani yafi wani nauyi. Ɗauki kabon. Akwai mai furoton 6 nutiron 6, shine kabon-12, kuma shine mafi yawa nesa ba kusa ba. Akwai mai furoton 6 nutiron 7, kabon-13. Akwai mai furoton 6 nutiron 8, kabon-14. Dukkansu kabon ne, in ka ƙona su duk iska iri ɗaya zasu baka, domin harkar haɗuwa da wasu sinadarai ilektaron ne suke yinta ba nutiron ba.

Kabon-14 ɗin nan bari in ɗan tsaya a kansa saboda yana tabbatar da abin da na faɗa a mataki na farko. Shi baya zama daram, a hankali yake rikiɗewa, rabinsa yana ƙarewa a duk shekara wajen 5730, kuma yadda yake rikiɗewar shine nutiron ɗaya a cikinsa ya koma furoton. Toh yi lissafi da kanka, furoton 6 nutiron 8 ya koma furoton 7 nutiron 7. Lambar nauyi tana nan 14 bata motsa ba, amma furoton ya zama 7, kenan ba kabon bane kuma, ya zama naiturojin-14. Kaga da furoton ya canza suna ya canza. Da wannan rikiɗewar ne masana suke auna shekarun tsofaffin abubuwan da suka taɓa rayuwa kamar itace da ƙashi, da ita aka auna kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987 aka ga ya kai shekara dubu 8.

Haka yuraniyam da ake haƙowa a Arlit can arewacin Nijar, furoton ɗinsa 92 ne. Yuraniyam-238 yana da nutiron 238 − 92 = 146, yuraniyam-235 yana da 235 − 92 = 143. Bambancin nutiron uku ne kacal, amma 235 ɗin shine wanda ake nema a tashoshin nukiliya, kuma a cikin wanda ake haƙowa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, wajen 0.7 ne. Duk rigimar tace yuraniyam da kake ji a labarai maganar raba aisotof ɗin nan biyu ce.

Haidurojin shi kaɗai ne zai iya baka mamaki, wanda aka fi sani yana da furoton 1 kuma bashi da nutiron sam, 1 − 1 = 0, kar kayi tunanin kayi kuskure in ka ga sifili. Sauran biyun sune diyuteriyam mai nutiron 1 da tiritiyam mai nutiron 2.

Yanzu ga ramin da ɗalibai suka fi faɗawa, kuma ina roƙonka ka karanta wannan wajen sau biyu. Lambar nan mai ɗigo da kake gani a ƙarƙashin sinadari a tebur, kamar 35.5 na kulorin, ba ita ce lambar nauyi ba. Babu wani atam na kulorin da yake da nauyi 35.5, ba'a yin rabin nutiron. Abin da ke faruwa shine kulorin na duniya gauraye yake, wajen kashi 75 cikin 100 kulorin-35 ne, wajen kashi 25 kulorin-37 ne, sai aka ɗauki matsakaici: 35 × 0.75 ya bada 26.25, 37 × 0.25 ya bada 9.25, a haɗa 35.5. Kamar ace a aji matsakaicin shekarun ɗalibai 16 da rabi ne, ba wai akwai dole wani mai 16 da rabi a zaune ba.

Wasu malamai suna cewa ka zagaye lambar tebur zuwa cikakkiyar lamba ka samu A. Wani lokaci yana aiki, sodiyam 22.99 ya zama 23 daidai ne, alminiyam 26.98 ya zama 27 daidai ne. Amma gwada da jan ƙarfe, 63.55 zai zama 64, alhali jan ƙarfen da ke cikin wayar wutar gidanku 63 ne da 65. Buromin ma haka, tebur yace 79.9, ka zagaye ka samu 80, amma a zahiri 79 ne da 81 kusan rabi da rabi. Don haka in tambaya ta baka lambar nauyi ko adadin nutiron, da ita zakayi aiki, ka bar lambar tebur gefe. Sai in babu komai sam sannan ka zagaye, kana sane cewa kintace kake.

Wani lokaci kuma juya tambayar suke yi, ace boron yana da aisotof 10 da 11, matsakaicinsa 10.8, nemo kason kowanne. Sai kace kason boron-10 shine x, na boron-11 shine 1 − x, kenan 10x + 11(1 − x) = 10.8, ka warware zaka samu x = 0.2, wato kashi 20 boron-10, kashi 80 boron-11. Kuma tun kafin ka taɓa biro ya kamata ka hango cewa 11 ne yafi yawa, tunda 10.8 tafi kusa da 11.

Mataki na uku, furoton a cire ilektaron

Caji = furoton − ilektaron. A wannan tsarin, furoton a gaba. In amsa ta fito sifili atam ne wanda bashi da caji. In ta fito da wata lamba ayon ne. In fozitif ce ana ce masa ketayon, in negatif ce anayon.

Abin da yake rikita mutane shine yaya za'ayi abu ya rasa wani abu kuma ya zama +, ya samu kuma ya zama −. Ka ɗauki ilektaron a matsayin bashi. In aka ƙara maka bashi ka ƙara nutsewa ƙasa, ka koma negatif. In aka ɗauke maka bashi ka taso sama, ka koma fozitif. Sodiyam yana da furoton 11 ilektaron 11, ya bada ilektaron ɗaya saura 10, 11 − 10 = +1, ya zama Na⁺. Kulorin yana da furoton 17 ilektaron 17, ya karɓi ɗaya ya zama 18, 17 − 18 = −1, ya zama Cl⁻. Waɗannan biyun da suka manne da juna sune gishirin da ke cikin miyar gidanku. Kuma ka lura a duk wannan cinikin furoton bai motsa ba, ba'a taɓa mayar da atam ayon ta hanyar ƙara furoton a niyukiliyas ɗinsa ko cire shi, duk wanda ya rubuta cewa Na⁺ ya samu ƙarin furoton ɗaya ya mayar da sodiyam maganisiyam ne bai sani ba.

Ga dalilin da yasa na hana ka fara kallon ilektaron. Na⁺ yana da ilektaron 10. Niyon ma yana da 10. Mg²⁺ 10, Al³⁺ 10, F⁻ 10, O²⁻ 10. Abubuwa shida mabambanta, duk ilektaron goma. In ka ga 10 ka ruga tebur ka rubuta niyon, sau biyar cikin shida ka faɗi. A atam marar caji ne kawai ilektaron yake daidai da furoton, kuma sai tambaya ta faɗa maka cewa bashi da caji kafin ka dogara da hakan.

Bari mu haɗa ukun mu gwada

Na ɗaya: furoton 17, nutiron 18, ilektaron 18. Furoton 17, kulorin. 17 + 18 = 35. 17 − 18 = −1. Amsa ³⁵Cl⁻. Kaga lamba 18 ta fito sau biyu don ta ja ka zuwa agon, kar ka bi ta.

Na biyu: furoton 26, nutiron 30, ilektaron 23. Ƙarfe ne, Fe. 26 + 30 = 56. 26 − 23 = +3. Amsa ⁵⁶Fe³⁺. Da ilektaron 24 ne da Fe²⁺ zai zama, ƙarfe yana yin duka biyun, mai 2+ shine wanda yake ɗaukar oksijin a cikin jininka, mai 3+ shine na tsatsar da kake gani a tsohon kwano.

Wajen rubutawa, lambar nauyi tana sama ta hagun alamar, lambar atam tana ƙasa ta hagu, caji yana sama ta dama, kuma lamba ake fara rubutawa sannan alama, 3+ ba +3 ba. In caji ɗaya ne ba sai ka rubuta 1 ba, + ko − kawai ya isa.

Yanzu a juya, an baka ²⁷Al³⁺ ance fitar da ukun. Al lamba 13 ne, furoton 13. Nutiron 27 − 13 = 14. Ilektaron kuma tunda 3+ ne ya rasa uku, 13 − 3 = 10. In da negatif ne tarawa zakayi, kamar ³²S²⁻, furoton 16, nutiron 16, ilektaron 16 + 2 = 18. Kullum bayan ka gama ka mayar da amsarka cikin furoton − ilektaron ka gani ko ta baka cajin da aka rubuta, 16 − 18 = −2, ya yi. Sakan biyar zai ɗauke ka.

Mai wahalar ciki shine wanda aka ɓoye furoton gaba ɗaya. Misali ace wani ayon yana da caji 2+, ilektaron 18, lambar nauyi 40. Babu furoton a tambayar, toh aikinka na farko ka tono shi. Tunda 2+ ne furoton sun fi ilektaron da biyu, 18 + 2 = 20, kalsiyam kenan. Nutiron 40 − 20 = 20. Amsa ⁴⁰Ca²⁺. Wanda yayi gaggawa zai ga ilektaron 18 da nauyi 40 ya rubuta agon, saboda agon-40 ma akwai shi kuma yana da ilektaron 18, komai ya yi kama sai furoton. Agon-40 da fotasiyam-40 da kalsiyam-40 duk lambar nauyinsu ɗaya amma ba aisotof ɗin juna bane, furoton ɗinsu 18, 19, 20, gida uku ne daban, su ana ce musu aisoba.

Sai irin tambayar da ake zana jadawali a sa haruffan bogi maimakon suna. Ga guda biyar, a jere furoton, nutiron, ilektaron. A: 8, 8, 10. B: 8, 10, 8. C: 10, 10, 10. D: 9, 10, 10. E: 12, 12, 10. Ka rufe abin da ke ƙasa ka gwada da kanka tukuna.

A oksijin-16 ne mai caji 2−. B oksijin-18 ne marar caji. C niyon-20 marar caji. D fulorin-19 mai caji 1−. E maganisiyam-24 mai caji 2+. In aka ce waɗanne ne aisotof ɗin juna, layin furoton kawai zaka duba ka nemi waɗanda suka zo ɗaya, A da B, sannan ka tabbatar nutiron ɗinsu ya bambanta, 8 da 10, ya yi. Kasancewar A yana da caji B bashi da shi bai hana komai ba. B da C da D duk suna da nutiron 10 amma wannan bai haɗa su dangi ba. Kuma ka kula, haruffan nan B da C ba boron da kabon ake nufi ba, lakabi ne kawai, na ga waɗanda wannan ya kayar.

Akwai kuma ayon da atam da yawa ne suka haɗu suka yi shi, hanyar ɗaya ce, ka tara furoton na kowa sannan ka gyara da caji. NH₄⁺, naiturojin 7 da haidurojin huɗu 4, furoton 11, caji 1+, ilektaron 10. OH⁻, 8 da 1, furoton 9, ilektaron 10. Kanwar da ake sakawa a miyar kuka ko a dafa wake da ita, yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne da kabonet, kuma kabonet ɗin CO₃²⁻ ne, kabon 6, oksijin uku 24, furoton 30, caji 2−, ilektaron 32. Ka kula da girman harafi anan, CO kabon ne da oksijin, Co kuma kobalt ne lamba 27.

Wani lokaci maimakon adadin ilektaron sai a baka jerinsu a zagaye zagaye, kamar 2, 8, 8. Ka tara kawai, 18, sannan ka duba caji. In ance marar caji ne agon. In ance 1+ ne furoton 19, fotasiyam. In ance 1− ne furoton 17, kulorin. Jerin nan yana taimaka maka kuma ka gane ko amsarka ta shiga hankali, sinadaran da suke da ilektaron 1, 2 ko 3 a zagayen waje kamar sodiyam mai 2, 8, 1 bayarwa suke yi su zama fozitif, masu 6 ko 7 kamar kulorin mai 2, 8, 7 karɓa suke yi su zama negatif. Don haka in lissafinka ya baka sodiyam mai caji negatif ko oksijin mai 2+ a tambayar sakandare, koma baya, ka juya cirewar ne, ka sa ilektaron a gaban furoton.

A ɗakin jarabawa ga abin da nake sa ɗalibaina suyi, kafin su karanta zaɓin A zuwa D su rubuta f, n, i, wato furoton, nutiron, ilektaron, a gefen takarda su cike abin da aka bayar, wanda babu su sa alamar tambaya, in f ce babu ita za'a fara nemowa ta hanyar caji ko ta lambar nauyi − nutiron. Ga guda huɗu ka yi yau da daddare kafin ka kwanta, kar ka duba tebur sai ka gama: furoton 19, nutiron 20, ilektaron 18. Sai ayon mai caji 3−, ilektaron 10, nutiron 7. Sai ⁶⁵Cu²⁺ ka fitar da ukun. Sai furoton 1, nutiron 0, ilektaron 0. Na farko ³⁹K⁺ ne, na biyu furoton 7 ne wato ¹⁴N³⁻, na uku furoton 29, nutiron 36, ilektaron 27, na huɗu kuma H⁺ ne, furoton tsirara shi kaɗai, wanda zaka sake haɗuwa dashi idan kun shiga darasin asid.